Waƙafi a Matsayin Shinge: Tarihin Rubuta Kalma da Adadi Cikin Fayil Guda

Duk malamin da ya taɓa fitar da sunayen ɗalibai da makinsu daga wata manhaja domin ya shigar da su cikin wata, to, ya riga ya yi hulɗa da irin fayil ɗin nan da sunansa ya ke ƙarewa da baƙaƙe uku, CSV, ko ya lura ko bai lura ba. Baƙaƙen nan taƙaitawa ce ta wani suna na Ingilishi, ma'anarsa kuwa abubuwan da aka rarrabe da waƙafi. Fasalin fayil ɗin ba shi da wuya. Kowane layi labarin abu guda ne, cikin layin kuwa a kan sa waƙafi tsakanin gurbi da gurbi, kamar yadda manomi ya kan kafa shinge tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa. Ga misali:

Kano,gero,40,12500

Mai karatu zai ce gurbi biyu na farko kalmomi ne, biyu na ƙarshe kuma adadi. Da hankalinsa ya gane haka, amma babu wata alama cikin layin da ta faɗa masa. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda aka yi har wannan fasali ya game duniya, alhali kuwa ba a tanadi wuri a cikinsa inda mai rubutawa zai shaida wa mai karantawa cewa wannan kalma ce, wancan adadi ne ba.

Hausa tana da kalmomi biyu da za su taimake mu, watau adadi da lamba. Adadi shi ne yawan abu, ana tara shi, ana ɗebe shi, ana raba shi. Lamba kuwa shaida ce, kamar lambar mota ko lambar waya ko lambar ɗaki. Ba wanda ya ke tara lambobin waya biyu ya ce ya sami jimla. Lamba suna ce, sai dai an rubuta ta da alƙaluman lissafi. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, gama yawancin ɓarnar da za mu ambata a gaba daga rashin kiyaye shi ta fito.

Kafin waƙafi ya shigo cikin sha'anin, wuri ne ya ke raba gurbi da gurbi. A ƙidayar jama'ar Amurka ta shekarar 1890 aka yi aiki da injin Herman Hollerith, wanda ya ke karanta kati mai huji. Ma'anar kowane huji tana ga inda aka huda shi. Kamfanin da Hollerith ya kafa a 1896 ya haɗu da waɗansu a 1911, a 1924 kuma aka sa wa haɗakar suna IBM. A 1928 IBM ta fito da katinta mai sahu 80, wanda ya yi mulkin ofisoshin lissafi har kusan shekara hamsin. A kan wannan kati a kan yi yarjejeniya tun da fari: daga sahu na 1 zuwa na 20 sunan mutum, daga na 21 zuwa na 25 albashinsa, da haka har ƙarshe. Ba a bukatar shinge, domin kowa ya san gidansa. Alƙalamin lissafi huji ɗaya ya ke ci cikin sahu, harafi kuwa biyu.

Sa'ad da John Backus da abokan aikinsa na IBM suka fito da harshen FORTRAN a 1957, wannan ɗabi'a ta kati suka gada. Mai rubuta umarni dole ne ya rubuta wani layi da a ke kira FORMAT, inda zai bayyana faɗin kowane gurbi da irin abin da ke cikinsa. In ya rubuta I5, ya ce ke nan sahu biyar na gaba cikakken adadi ne. Kalma kuwa baƙuwa ce a harshen, domin don lissafi aka ƙago shi. In ana so injin ya buga sunan Kano, sai a rubuta 4HKANO, watau a ƙirga haruffan tukuna, a faɗi yawansu, sa'an nan a kawo su. Harafin H ɗin nan tunawa ce da Hollerith. Wanda ya yi kuskuren ƙirga harafi ɗaya, umarninsa ya lalace.

Ya kamata a yi wa wannan tsohon tsari adalci. A cikinsa ba a yin zato, gama FORMAT ya faɗi abin da kowane gurbi ya ƙunsa. Aibinsa a wani waje ya ke. A FORTRAN na wancan zamani, in aka bar sahu ba huji cikin gurbin adadi, injin ya kan ɗauke shi a matsayin sifiri. Saboda haka in mai huda kati ya goce da sahu ɗaya zuwa hagu, 25 sai ya zama 250, ba kuwa wata ƙararrawa da za ta buga. Ga kuma ɓarnar wuri, domin sunan da ke da harafi huɗu sai ya ci sahu ashirin, wanda ya fi ashirin kuwa a datse masa wutsiya. Mutane suka gaji da ƙirgan sahu.

Sauƙin ya zo a 1972, lokacin da IBM ta sa wa ɗaya daga cikin FORTRAN ɗinta na injunan System/360 wata hanya ta karanta jerin abubuwa ba tare da FORMAT ba. Sai a jera su kurum, a raba da waƙafi ko da fili. An shigar da wannan hanya cikin ƙa'idar FORTRAN 77, wadda aka amince da ita a 1978, kuma a cikin wannan ƙa'ida ne harshen ya sami nau'i na musamman domin ajiye haruffa. A nan aka fara cin karo da matsalar da har yanzu ba ta mutu ba. In waƙafi ne shinge, yaya za a yi da kalmar da waƙafi ya ke cikinta? Amsarsu ita ce a kewaye kalmar da alamar nan da mu ke rubuta hamza da ita, ɗaya a gaba ɗaya a baya. To, in kalmar kanta tana da hamza fa? Sai a ninka ta. Da a ce wani ya so ya shigar da kalmar 'ya'ya, ga yadda zai rubuta ta:

'''ya''ya'

Abin mamaki a nan shi ne ƙa'idar ba ta yi wa rubutawa abin da ta yi wa karantawa ba. In injin ne ya ke fitar da kalmomi ta wannan hanya, ba ya kewaye su da komai. Ke nan fayil ɗin da umarni ya rubuta da kansa, in akwai kalmomi a ciki, ba lalle ne ya iya karanta shi ta hanyar da ya rubuta shi ba. Sai a Fortran 90 aka gyara wannan, aka ba mai umarni ikon zaɓar alamar kewayewa. A ganina wannan ɗan giɓi ya nuna yadda masu tsarin suka ɗauki al'amarin: mutum ne zai karanta abin da injin ya fitar, mutum kuwa ba ya bukatar a gaya masa cewa Kano gari ne.

Kada a zaci ba a taɓa tunanin shinge na ainihi ba. Jadawalin haruffa na ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963 aka kuma gyara a 1967, ya ware alamu huɗu, daga ta 28 zuwa ta 31, ba su da wani aiki sai rabewa: ɗaya tsakanin fayil da fayil, ɗaya tsakanin rukuni da rukuni, ɗaya tsakanin layi da layi, ɗaya tsakanin gurbi da gurbi. Ba sa fitowa cikin zancen kowa, don haka ba za su taɓa rikicewa da kalma ba. Amma ba su karɓu ba. Ba a ganinsu a takarda, ba su kuma da maɓalli nasu na kansu a kan keken rubutu. Waƙafi kuwa yana nan ƙarƙashin yatsa, ido kuma yana ganinsa. Waɗansu suka zaɓi maɓallin tsallake na tafireta, wanda akawuna suka saba jera lissafi da shi, har yau kuma ana aiki da shi, sai dai bai kai waƙafi yaɗuwa ba.

Ƙananan kwamfutoci na gida da ofis su ne suka kai waƙafi ko'ina. Harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙago a kwalejin Dartmouth a 1964, tun asali da waƙafi ya ke raba jerin abubuwa. A BASIC na kamfanin Microsoft, wanda ya cika ƙananan injuna a farkon shekarun 1980, akwai umarni biyu na rubutawa cikin fayil, kuma bambancinsu shi ne zuciyar zancenmu. PRINT ya kan zuba abu kamar yadda za a gan shi a allo. WRITE kuwa ya kan sa waƙafi tsakanin abubuwa, ya kewaye kowace kalma da alamar zance, ya bar adadi tsirara. Ga abin da ya kan fito:

"Kano","gero, dawa da maiwa",40,12500

A nan alamar zance tana aiki biyu. Ta tsare waƙafin da ke cikin kalma, ta kuma shaida cewa abin da ta kewaye kalma ce. Da an riƙe wannan al'ada gam, da lamba ta sami mafaka, domin sai a kewaye ta a san suna ce. Ba a riƙe ba. Manhajojin jadawalin lissafi suka shigo, VisiCalc na Dan Bricklin da Bob Frankston a 1979, Lotus 1-2-3 a 1983, Excel a 1985, kowace tana bukatar karɓar lissafi daga wajen wata. Wajen 1983 sunan CSV ya riga ya shiga bakin masu sana'ar. Sannu a hankali alamar zance ta rasa aikinta na biyu. Manhajoji da yawa suka koma sa ta sai inda dole, masu karantawa kuma, Excel a kan gaba, suka riƙa tuɓe ta su dubi abin da ke ciki, in ya yi kama da adadi su mai da shi adadi.

Wata rigima kuma ta taso daga nahiyar Turai. A Ingila da Amurka ɗigo ne ya ke raba cikakken adadi da gutsurensa, a rubuta 3.5, waƙafi kuma ya raba dubbai, a rubuta 12,500. A Faransa da Jamus da ƙasashe da yawa waƙafi ne ya ke yin aikin ɗigo, a rubuta 3,5. A can shingen ya faɗa tsakiyar gona. Sai suka koma raba gurabe da waƙafi mai ruwa, amma sunan fayil ɗin bai sake ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ratsa ƙasar Hausa. Kwamfutar da aka saita bisa al'adar Faransanci, irin wadda za a taras a ofisoshin Maraɗi ko Damagaram, waƙafi mai ruwa ta ke nema. In aka aika mata da fayil daga Kano ko Katsina, ta kan cusa layi ɗungum cikin gida ɗaya. Harshen R na masu ƙididdiga ya karɓi gaskiyar lamarin, ya tanadi umarni biyu, write.csv da write.csv2, kowane domin ɓangare guda.

Bari mu tsaya kaɗan a kan harshen MATLAB, domin a wurinsa aka fi jin zafin haɗa kalma da adadi, kuma ɗalibai masu yawa na sashen injiniya da na kimiyya a nan suka fara tuntuɓe. Cleve Moler ne ya ƙago shi a ƙarshen shekarun 1970, yana koyarwa a Jami'ar New Mexico, domin ɗalibansa su yi lissafin jadawalin adadi ba sai sun koyi FORTRAN ba. An kafa kamfanin MathWorks a 1984 domin sayar da shi. A idon wannan harshe kowane abu jadawalin adadi ne, har kalma ma jerin adadi ce da aka yi wa rigar haruffa. In mutum ya manna harafin A da adadin 66 cikin jeri guda, ba zai ga A da 66 ba, AB zai gani, domin 66 ita ce lambar harafin B a jadawalin ASCII. Umarnin da aka tanada na rubuta irin fayil ɗin nan, csvwrite da dlmwrite, don adadi zalla aka yi su. In aka miƙa musu kalma, su kan farfasa ta harafi harafi, su sa waƙafi a tsakani, Kano ta koma gurbi huɗu. Har ma adadin ba su bar shi lafiya ba, gama csvwrite alƙaluma biyar kaɗai ya ke kiyayewa, 123456 sai ya fito 1.2346e+05, watau 123460, ba tare da wani gargaɗi ba.

Shekara da shekaru mafita ɗaya ce, mutum ya koma ga umarnin fprintf, wanda aka aro daga harshen C, ya rubuta fasalin layin da hannunsa, ya sa %s inda kalma za ta zauna, %d ko %f inda adadi zai zauna, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Mai lura zai ga cewa FORMAT ɗin Backus ne ya dawo da sabuwar riga. Kuma nauyin kewaye kalma mai waƙafi, da ninka alamar zance, duk a kansa ya ke. Mafi yawan masu yin haka ba sa tunawa sai ranar da wani suna mai waƙafi ya shigo, layin ya ƙaru da gurbi ɗaya, makin wannan ya koma gidan wancan. Sai a 2013 MATLAB ya sami nau'in jadawali mai ɗaukar kalma da adadi tare, da umarnin writetable. A 2019 aka ƙaro writecell da writematrix, kamfanin kuma ya daina ba da shawarar aiki da tsofaffin biyun. Harshen Python ya riga shi, tun 2003 ya tanadi sashe na musamman domin wannan aiki, har da zaɓin da ya ke kewaye duk abin da ba adadi ba, watau al'adar WRITE ta dā.

Duk tsawon wannan lokaci babu rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sani. Sai a watan Oktoba na 2005 Yakov Shafranovich ya fitar da takardar da a ke kira RFC 4180, fiye da shekara talatin bayan an fara aikin. Ita ma ba ta kira kanta doka ba, bayani ne na abin da aka fi sabawa. Ta ce a raba gurabe da waƙafi, gurbin da ke da waƙafi ko alamar zance ko karyewar layi a kewaye shi da alamar zance, alamar zancen da ke ciki a ninka ta, layin farko kuma yana iya ɗaukar sunayen gurabe ko ya ƙi. Game da wane gurbi ne adadi, wane ne kalma, wane ne kwanan wata, ba ta ce uffan ba. A watan Disamba na 2015 ƙungiyar W3C ta ba da shawarar a riƙa haɗa fayil ɗin da wani ƙaramin fayil mai bayyana nau'in kowane sahu. Shawara ce mai kyau, amma fayil biyu ba sa daɗewa tare a hannun mutane, kuma manhajojin da jama'a suka fi riƙewa ba su rungume ta ba.

To, tun da mai rubutawa ba shi da bakin faɗa, mai karantawa sai zato. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, da sifiri ta ke farawa. Lambar asusun banki 10 ce, da yawa kuma su ma da sifiri su ke farawa. In manhaja ta ɗauke su a matsayin adadi, sai ta yar da sifirin, domin a lissafi sifirin gaba ba shi da daraja. In an rubuta lambar wayar da 234 a gaba ta kai alƙaluma 13, Excel ta kan taƙaita ta zuwa wani abu kamar 2.34803E+12, in kuwa aka adana fayil ɗin a haka, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Har ila yau ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 na adadi, na bayansu ta kan mai da su sifiri. Ƙasar Namibiya ma ba ta tsira ba. Taƙaitaccen sunanta na duniya NA ne, harshen R kuwa da wannan baƙaƙe biyu ya ke nuna gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Rubutun Hausa yana da tasa masifar. Fayil ɗin ba ya faɗin jadawalin haruffan da aka rubuta shi da shi. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992, kowane harafinmu mai lanƙwasa da lamba biyu a ke ajiye shi. Manhajar da ta zaci tsohon jadawalin Turai ta Yamma ne sai ta karanta kowace lamba daban, kalmar ƙasa ta fito Æ™asa. Wanda ya taɓa tara kalmomi domin ƙamus ko nazarin karin harshe ya san wannan kama. Hamza kuma tana da nata tarko. Tun zamanin Lotus 1-2-3 hamza a farkon gida alama ce ta cewa abin da ke biye kalma ce, Excel kuma ta gaji wannan. Saboda haka wanda ya buga 'yan kasuwa cikin gida, manhajar ta kan ɗauki hamzar a matsayin umarni ta ɓoye ta, abin da zai fita cikin fayil shi ne yan kasuwa. 'Yan'uwanmu na Nijar da su ke rubuta ƴ sun kuɓuta daga wannan, sun faɗa cikin na farko.

Inda aka auna girman ɓarnar sosai shi ne wajen masu nazarin ƙwayoyin gado. Su kan ba kowace ƙwaya gajeren suna, waɗansu sunayen kuwa, kamar SEPT2 da MARCH1, sun yi kama da taƙaitaccen sunan watan Satumba da na Maris a Ingilishi. Da an buɗe jerin cikin Excel sai ta mai da su kwanan wata. An yi kukan wannan a rubuce tun 2004. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostiraliya suka bincika maƙalu 3,597 da aka buga cikin mujallu 18 tsakanin 2005 da 2015, masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyi cikin fayil na Excel, suka taras 704 daga ciki suna da irin wannan kuskure, watau kusan ɗaya cikin biyar. Waɗannan maƙalu ne da masana suka duba kafin a buga. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya bayyana a 2020 cewa ya sake sunayen 27 daga cikinsu, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT1 ta koma SEPTIN1. Shekara uku bayan haka, a 2023, kamfanin Microsoft ya sa wa Excel wurin da mutum zai iya hana ta wannan juye-juye, da na yar da sifirin gaba. Sai dai a kunne juyin ya ke zuwa, wanda ya san da shi ne zai je ya kashe, a kan kwamfutarsa shi kaɗai. Wadda za a aika wa fayil ɗin tana nan da nata saitin.